Tsohon Darasi da Sabuwar Waya

(Jawabin da wani ɗalibin sashen kimiyyar kwamfuta ya gabatar a zauren taron ɗalibai.)



Kafin in ce kome ya kamata in nemi gafarar manyan da ke zaune a nan, domin kuwa ni ɗalibi ne ɗan aji uku, kuma abin da na sani game da ƙera manhajar wayar hannu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa gabanku shi ne na sha wahalar abin da zan yi magana a kansa daidai gwargwado. Maganata ta shafi takardun bayani da darussan da masu ƙera manhaja suke dogara da su wajen koyo da wajen aiki, da yadda waɗannan rubuce-rubuce suke tsufa ba tare da kowa ya lura ba, da kuma wanda alhakin gyara su ya rataya a wuyansa.

Bari in soma da wani abu da iyayenmu suke ba mu labari. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu, ta koma hannun dama. To, ku ɗauka yau wani saurayi yana son koyon mota, sai ya tsinci littafin koyon tuƙi bugun 1970 a cikin akwatin kakansa. Littafin yana da kyau, bayaninsa a fili yake, zane-zanensa tsaf. Wanda ya rubuta shi bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kowace kalma gaskiya ce ranar da ya rubuta ta. Amma in saurayin nan ya bi littafin sau da ƙafa ya hau titi, da babbar mota zai yi gaba da gaba. Wancan canji sau ɗaya aka yi shi, aka kuma yi ta shela a rediyo da jaridu kafin ranar. A sana'ar ƙera manhajar waya kuwa, kusan kowace shekara sai an canja hannu a wani titi, sa'an nan ba mai zuwa ya kwashe tsofaffin littattafan daga kanta. Abin da ya fi muni ma, in ka nemi darasi a intanet sau da yawa tsohon ne yake fara fito maka, domin shi ya daɗe, shi mutane suka fi karantawa.

Ga yadda abin ya faru da ni. A hutun ƙarshen shekarata ta farko na yi niyyar yi wa kawuna wata 'yar manhaja ta Android, wadda zai riƙa ɗaukar hoton rasidi da ita a shagonsa tana ajiye masa. Na sami wani darasi mai kyan gani, dubban mutane sun yaba masa, babu kwanan wata a kansa ko'ina. Darasin ya ce in ana son manhaja ta yi amfani da kyamara, layi ɗaya ake rubutawa na neman izni a cikin takardar da ake kira AndroidManifest, shi ke nan. Na rubuta. Na ɗora manhajar a wayata, na danna wurin ɗaukar hoto, sai ta mutu nan take. Na share na sake, ta sake mutuwa. Dare uku na yi ina wannan fama, ina sayen data da kuɗin da ya kamata in ci abinci da su, ina duba ko na ɓata harafi ko na tsallake aya. A dare na uku har na yanke wa kaina hukunci cewa ƙwaƙwalwata ba ta wannan fanni ba ce. Sai da wani yayanmu ɗan aji huɗu ya leƙa, bai yi minti biyu ba ya yi dariya ya ce, “Malam, ai wannan darasin ya girmi wayarka.” Ashe tun 2015, da aka fito da Android bugu na 6, aka canja ƙa'ida. A da, mai waya yana amincewa da dukan izni ne gaba ɗaya lokacin da yake saka manhaja. Daga wannan bugu kuwa, abubuwa masu haɗari kamar kyamara da makirufo da lambobin mutane da wurin da mutum yake, tilas manhaja ta tambayi mai waya a lokacin da take aiki, in ya yarda sa'an nan ta taɓa su. Ganin kitse na yi wa rogo. Da mai darasin nan ya rubuta shekara a saman shafinsa, da ban yi asarar dare uku ba.

Kada wani ya zaci canji ɗaya ne kurum. Wanda ya koyi Android a farkon zamaninta, da kayan aikin da ake kira Eclipse ya koya. Kamfanin Google ya fito da Android Studio cikakke a ƙarshen 2014, ya kuma daina kula da kayan Eclipse a ƙarshen 2015. Harshen da ake rubuta umarni da shi Java ne, sai a 2017 aka shigo da Kotlin, a 2019 aka ce shi ne a gaba. A 2018 aka canja sunayen rumbunan taimako dukansu zuwa AndroidX, har ya zama layukan farko na dubban darussa ba su daidaita da sabon aiki. Wani abu da ake kira AsyncTask, wanda kusan kowane tsohon darasi yake koyarwa domin yin aiki a bayan fage, an ba shi takardar ritaya a 2020. A 2021 aka fito da Jetpack Compose, watau sabuwar hanyar zana fuskar manhaja wadda ba ta yi kama da tsohuwar ba ko kaɗan. A 2022 kuma, da Android bugu na 13, ko saƙon sanarwa manhaja ba ta nunawa sai ta nemi izni. Mutanen Apple ma ba su tsira ba. An fito da harshen Swift a 2014, amma bugu na 3 da ya zo a 2016 ya canja sunaye masu yawan gaske, har misalan da aka rubuta shekara guda kafin nan suka daina aiki. Masu amfani da Flutter kuwa sun san labarin FlatButton da RaisedButton, maɓallan da ke cikin kowane darasin farko, waɗanda aka cire gaba ɗaya a 2022. Akwai ma inda gidan ne ɗungurungum aka rushe: Facebook ya rufe Parse a Janairun 2017, Microsoft ya daina kula da Xamarin a Mayun 2024. Darussan waɗannan duka suna nan zube a intanet, da yawansu ba wata alama a kansu.

Wani zai ce, to, mutum ya tsaya a kan tsohuwar hanya mana, tun da yana da littafinta. Ba a barinsa. Tun 2018 kasuwar Google Play ta kafa doka cewa sabuwar manhaja tilas a gina ta bisa ƙa'idar bugun Android na kusa-kusa, kuma kowace shekara ana ɗaga wannan mizani. Saboda haka ko manhajarka tana aiki a wayarka, in ta tsohon yayi ce ba za a karɓe ta a kasuwa ba. Ni ban ga laifin yawancin canje-canjen nan ba. Dokar iznin da ta ba ni wahala, alal misali, ita ce ta hana 'yar manhajar tocila ta kwashe lambobin mutanen da ke wayarka ba da saninka ba. Ƙorafina yana kan rubutun da aka bari a baya.

Abin da nake so ku lura da shi, 'yan'uwa, shi ne wanda wannan sakaci yake cuta. Gwani ba ya cutuwa ƙwarai. Da ya ga kalmar Eclipse ko AsyncTask ya san shekarun darasi, kamar yadda dillalin dabbobi yake duba haƙori ya faɗi shekarun sa, sai ya wuce abinsa. Ɗan koyo shi ne ba ya iya rarrabewa, kuma shi ne darasin aka rubuta dominsa. In abu ya ƙi aiki ba ya zargin darasi, kansa yake zargi. Mu huɗu muka soma koyon wannan sana'a tare, biyu sun bari, kuma na tabbata ɗaya daga cikinsu ya fi ni kaifin basira nesa ba kusa ba. Ya faɗa mini da bakinsa cewa ya gaji da bin umarni daidai yana samun kuskure. Wanda yake da babbar kwamfuta da intanet mara yankewa da wani gwani a kusa da shi, asararsa ta sa'a ɗaya ce. Wanda yake aron kwamfuta, yana jiran a kawo wuta, yana ƙirga data, asararsa takan zama ta sana'ar baki ɗaya.

Wannan duk mai sauƙi ne, domin manhajar da ta mutu ta nuna maka akwai matsala. Mai haɗarin shi ne misalin da yake aiki amma da ɓaraka a cikinsa. A 2017 waɗansu masu bincike a Jamus suka duba manhajojin Android miliyan 1.3, suka tarar kashi 15.4 cikin ɗari suna ɗauke da guntayen umarni na harkar tsaro waɗanda aka kwafo daga shafin tambaya da amsa na Stack Overflow. A cikin waɗannan kuwa, kashi 97.9 cikin ɗari suna da aƙalla guntu ɗaya mara tsaro. Wani sanannen misali shi ne umarnin da yake ce wa manhaja ta amince da kowace sabar da ta yi magana da ita ba tare da duba takardar shaidarta ba. Wani ne ya rubuta shi domin ya kawar da kuskuren da ya dame shi lokacin gwaji, wasu suka kwafa suka kai kasuwa. Yayyenmu ma'aikata, ku da ake ta kawo muku manhajoji na biyan albashi da karɓar haraji da rajistar marasa lafiya, wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma sau da yawa magini a wani darasi ya koyi tsagar.

To, mene ne abin yi? Ni a ganina tushen gyara shi ne mai rubutu ya daina ɗaukar darasinsa kamar waƙa, wadda in an gama ta an gama. Ya ɗauke shi kamar wani ɓangare na manhajar kanta, mai bukatar kulawa muddin yana waje mutane suna karantawa. Mafi arahar abin da zai yi, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne ya rubuta a saman shafi ranar da ya yi darasin, da bugun kowane kayan aiki da ya yi amfani da shi, da ranar da ya gwada shi ta ƙarshe. Ranar gwaji ta fi ranar rubutu muhimmanci. Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta yaɗu, ta canja shekarar da ke kan take kowace Janairu alhali ba a taɓa ko harafi ɗaya a ciki ba, don kawai a jawo masu karatu. Wannan, ku gafarce ni, ha'inci ne, daidai yake da mai kanti ya goge ranar lalacewar magani ya rubuta sabuwa.

Sai dai alkawarin “zan riƙa dubawa” ba ya daɗewa, domin ɗan Adam mai mantuwa ne. Shi ya sa dabarar da ta fi burge ni ita ce wadda take ɗora wa na'ura aikin tunatarwa. A harshen Rust, misalan da aka rubuta a cikin takardun bayani ana gwada su ne tare da sauran gwaje-gwajen manhaja, in misali ya daina aiki gwajin duka ya faɗi, mai aikin ya gani nan da nan. Python ma yana da irin wannan, ana kiransa doctest. Mai rubuta darasin waya yana iya kwaikwayon haka. Maimakon ya manna guntayen umarni a shafi da hannu, sai ya ajiye cikakkiyar manhajar misali a rumbu irin GitHub, ya sa na'ura ta riƙa gina ta kowane mako da sababbin kayan aiki, shafin darasin kuma ya riƙa ɗebo misalansa daga can. Ranar da wani abu ya karye, shi zai fara ji kafin ɗalibinsa. Haka nan a kamfani ko ma'aikata, takardun bayani su zauna wuri ɗaya da rubutun umarni, kuma kada shugaban aiki ya karɓi canjin da bai zo da gyaran bayaninsa ba. Adireshin shafuna ma na'ura tana iya duba su, kuma suna bukatar dubawa: cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafunan intanet da suke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma.

Akwai kuma hikima a wajen tsara rubutun tun farko. Wani masanin wannan fanni, Daniele Procida, ya kasa takardun bayani gida huɗu: darasin ɗan koyo, da jagorar yin wani aiki takamaimai, da kundin dubawa, da bayanin dalili. Abin da na fahimta da kaina shi ne ba tare suke tsufa ba. Kundin dubawa, watau jerin sunayen umarni da aikin kowanne, na'ura tana iya fitar da shi kai tsaye daga rubutun umarni, kamar yadda Javadoc yake yi tun shekarun 1990, don haka gyaransa da sauƙi. Bayanin dalili yana daɗewa ƙwarai. Dalilin da ya sa ba a yin aiki mai nauyi a kan zaren da yake zana fuskar manhaja, don kada waya ta daskare, bai canja ba tun farkon Android, ko da yake kayan yin hakan sun canja sau da dama. Darasin ɗan koyo shi ne mai saurin lalacewa, domin yana ratsa abubuwa goma, ɗaya ya motsa duka ya rushe, ga shi cike da hotunan allo masu nuna maɓallan da aka riga aka matsar. Mai hankali sai ya raba su, ya yawaita dalili, ya taƙaita “danna nan, danna can”. Da darasin da na bi ya gaya mini abin da ya sa ake neman izni, da wataƙila na gane inda matsalar take tun daren farko.

In mutum ba zai iya ci gaba da kula da darasinsa ba, wannan ba abin kunya ba ne, kowa yana da uzuri. Abin da ake nema a gare shi shi ne ya faɗa. Ku ma'aikata kun san in sabuwar takardar umarni ta fito daga hedikwata, a cikinta ake rubuta cewa ta soke mai lamba kaza. Masu kula da Django, wani kayan gina shafunan intanet, suna ajiye bayanin kowane bugu dabam, kuma in ka buɗe na bugun da aka daina kula da shi za ka ga gargaɗi a sama. Ban goyi bayan a riƙa share tsohon darasi ba, domin akwai masu gyaran tsofaffin manhajoji da suke bukatarsa. A bar shi, amma a rataya masa alama, a nuna hanyar sabon.

Bidiyo shi ne ya fi wuyar sha'ani, ga shi kuwa shi muka fi so. Rubutu ana gyara layi ɗaya cikin minti guda. A YouTube ba a iya musanya bidiyo da wani a bar adireshinsa da masu kallonsa, don haka mai shi yana ƙyashin cire wanda ya tara jama'a. An kawar da 'yan rubuce-rubucen da ake liƙawa a kan hoto a 2019, an ɓoye adadin waɗanda ba su so bidiyo ba a 2021, alhali da shi ɗan koyo yake gane darasin da ya lalace. A 2022 an kawo hanyar nuna gyara a daidai mintin da kuskure yake, amma sai mai bidiyon ya damu ya yi amfani da ita. Shawarata ga ɗalibi ita ce ya duba shekara kafin ya kashe datarsa, ya karanta sababbin sharhin masu kallo, sa'an nan ya gwada abin da ya ji da takardun masu kayan na asali. Wannan shawara ta hau kan manhajojin nan masu amsa tambaya da ƙirƙirarriyar basira. Daga rubutun da ke intanet suka koya, tsoho da sabo a gauraye, kuma sukan miƙo maka hanyar da aka yi wa ritaya da cikakken ƙarfin zuciya, ba kwanan wata.

Malam Shugaba, na ga kana duban agogo, saura magana ɗaya, ita ce ta gida. Waɗansu daga cikinmu sun soma rubuta darussan ƙera manhaja da Hausa, wasu suna yin bidiyo, kuma wannan abin a yaba ne. Amma nauyin da ke kanmu ya fi na mai rubutu da Ingilishi. In darasinsa ya tsufa akwai ɗari da za su maye gurbinsa. Namu kuwa yana yiwuwa shi kaɗai ne a kan wannan batu, yaron da ya dogara da shi ba shi da na biyun da zai gwada. In fassara muka yi, mu rubuta bugun da muka fassara, domin asalin zai ci gaba da canjawa namu yana tsaye. Ni kaina ba wankakke ba ne. Bara na rubuta wa 'yan aji ɗaya darussa shida na fara Android, na raba musu. Da nake shirya wannan jawabi na koma na gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar biyu ba su aiki yadda na rubuta, kuma ko ɗaya ban sa wa kwanan wata ba. Na gyara ɗaya, ɗayan yana nan yana jirana. Duk wanda yake riƙe da kwafen darasi na huɗu, don Allah ya dakata da shi. Ranar Asabar bayan la'asar zan zauna a ɗakin kwamfuta in gyara shi, wanda kuma yake da nasa darasin da yake so mu gwada tare, ya zo da shi.